Sharhi kan Ra'ayin Teece da Abokansa: Misalin Alhazan Maraɗi

A maƙalarsu ta 1997, Teece, Pisano da Shuen sun ce kamfani yana tsere wa tsara ne idan ya iya sake tsara dukiyarsa da iliminsa duk sa'ad da kasuwa ta juya. Ra'ayin yana da amfani, amma muna ganin rauni biyu tattare da shi.

Na farko, ya ɗauka cewa wannan ƙwarewa a cikin kamfani take. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya wallafa nazarinsa a kansu a 1986, sun nuna akasin haka. Da cinikin gujiya ya durƙushe bayan farin 1973-1974, sai suka ƙarfafa fiton atamfa da taba zuwa Nijeriya. Abin da ya riƙe su shi ne dangantakar ubangida da bara, da bashi bisa amana har Katsina da Kano.

Na biyu, da riba ake gane ƙwarewar, sannan a ce ita ce ta kawo ribar. Wanda ya karye ba ya shiga lissafi. Saboda haka, ya kamata mai bincike a nan ya fara da ƴan kasuwar da jarinsu ya karye bayan rage darajar sefa a 1994.