3.4 Tarken Taken #NorthIsBleeding: Harshe da Masu Sauraro

A ranar 6 ga Disamba, 2021, 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja a Ƙaramar Hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, suka cinna mata wuta, sama da mutum 20 suka ƙone. Wannan ta'asa ce ta zaburar da matasan Arewa suka shiga gangami a intanet da taken #NorthIsBleeding, wato Arewa na zubar da jini. A wannan sashe za a duba taken ta fuska uku: ginin jimlarsa, da harshen da aka zaɓa masa, da kuma kafar da aka yaɗa shi.

3.4.1 Ginin Jimla

Idan aka kwatanta wannan take da waɗanda suka gabace shi, za a ga bambanci a fili. Taken #BringBackOurGirls na 2014, wanda ya biyo bayan sace 'yan mata 276 a Chibok, jimlar umarni ce, ma'anarsa a dawo mana da 'yan matanmu. Haka ma #EndSARS na 2020 umarni ne, kuma ya ambaci sunan rundunar da ake son a soke. Saboda buƙatar guda ɗaya ce tak, kowa ya iya gane ranar da aka amsa ta, wato 11 ga Oktoba, 2020, lokacin da Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Mohammed Adamu, ya sanar da rushe rundunar.

Shi kuwa #NorthIsBleeding jimlar bayani ce. Ya siffanta Arewa da jikin mutum mai rauni, wanda hakan adon magana ne mai sosa zuciya. To amma bai faɗi wanda ya yi raunin ba, bai kuma faɗi wanda ake son ya yi magani ba. Ke nan hukuma na iya yin ta'aziyya da jaje, ta ce ta amsa kira, domin ba a ɗora mata wani aiki takamaimai da za a auna ta da shi ba.

3.4.2 Zaɓen Harshe

An gina taken da Ingilishi ne don a jawo hankalin Abuja da Legas da ƙasashen waje. Wannan dabara ta yi amfani, domin cikin 'yan kwanaki matasa sun fito kan titi a Kano da Abuja da wasu garuruwa, jaridu masu zaman kansu irin su Premium Times da HumAngle kuma sun ba lamarin fili. Sai dai manomin Isa ko Goronyo, wanda shi ne abin ya shafa, da Hausa yake kuka, kuma rediyo da saƙon murya na WhatsApp su ne hanyoyin labarinsa. An yi magana a madadinsa, ba a yi da shi ba. Hausawa kuwa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

3.4.3 Kafar Yaɗawa

A nan ne matsalar ta fi tsanani. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 har zuwa 13 ga Janairu, 2022, don haka a lokacin gangamin sai ta ɓarauniyar hanya ake shiga dandalin, hanyar da ba kowa ya san ta ba. Bugu da ƙari, tun a Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Wannan ya nuna cewa kafar da aka dogara da ita tana hannun hukumar da ake ƙalubalanta.

Akwai darasi a aikin jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar. A Oktoba 2018 ta fitar da bidiyon zargin Gwamna Abdullahi Ganduje da karɓar daloli, zargin da ya musanta. Bidiyo ba ya buƙatar karatu, saboda haka ya bi waya zuwa waya har majalisun shayi, Majalisar Dokokin Kano kuma ta kafa kwamitin bincike.

3.4.4 Naɗewa

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya cewa taken ya yi nasarar tayar da hankali, amma ya gaza wajen ɗaure hukuma da buƙata. Gangamin da zai yi tasiri a ƙasar Sakkwato sai ya zo da umarni guda ɗaya bayyananne, cikin harshen waɗanda abin ya shafa, ya kuma haɗa intanet da rediyo, ta yadda ko an rufe ƙofa ɗaya saƙon zai fita ta wata.