Faifan Garmaho da Awon Waƙar Baka: Tsokaci daga Rano da Kibiya

Manufar wannan tsokaci ita ce duba wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin masu tara tsofaffin faya-fayen garmaho, watau cewa faifan da aka buga daf da mutuwar garmaho shi ne mafi daraja. A kasuwa irin wannan faifai yakan yi tsada, domin kaɗan aka buga. A wajen manazarcin waƙar baka kuwa, akwai sauran magana.

Faifan da ake nufi shi ne baƙin nan mai nauyi, mai juyi 78 a minti, wanda ake haɗawa da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya. Kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai dogon zango a 1948, RCA ya biyo da ƙarami a 1949, kafin 1960 tsohon faifai ya kusa ƙarewa a Amurka da Ingila. A ƙasashenmu ya ɗan jima, saboda garmaho wani ake yi masa da hannu, ba ruwansa da lantarki. Wannan ne ya sa ya zauna a garuruwa irin su Rano da Kibiya, a hannun fatake da ma'aikatan En'e, har rediyo mai batir da kaset suka ture shi. Abin da ya saura sai a adaka, in zafi bai tanƙware shi ba, ko yara ba su fasa ba.

To, me faifan ya adana? Fuska ɗaya ta faifai mai inci 10 ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Makaɗin Hausa kuwa ba da agogo yake waƙa ba. Yakan kafa gindin waƙa, 'yan amshi su karɓa, ya yi ta jero ɗiya gwargwadon wanda ya shigo fage da abin da aka ba shi. Waƙa ɗaya ta yau ba ita ce ta gobe ba. Da aka tsayar da shi gaban na'ura, dole ya zaɓi ɗiya kaɗan, ya rage maimaici, kirarin maroƙi ya taƙaita ko ya fita. Saboda haka wanda ya ɗauki faifai ya yanke hukunci a kan zubi da tsarin waƙa, ya auna tsawon faifai ne, bai auna makaɗi ba.

Bugu da ƙari, kamfanoni irin su HMV da Decca ciniki suka zo yi, sai suka bi makaɗan da birni ya sani. Kiɗan gayya da na 'yan mata a dandali, waɗanda su ne abincin kunnen manomin Kibiya, ba a faifai za a neme su ba.

Duk da haka ban ce a bar tarawa ba. Sai dai mai tarawa ya kwafe lambar faifai da rubutun da ke tsakiyarsa, ya tambayi dattawan gidan wa ya sayo shi, a wace kasuwa, da wane buki ake sa shi. Kuma kada ya gwada shi da tsohuwar allurar ƙarfe, domin kowane juyi cin faifan take yi.