Fim Ɗin Tamil, Bakin Kano, Kallon New Bell

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta New Bell a Duwala ya san cewa Hausar da ta fi fitowa daga wayoyin samarinmu a yanzu ta Indiya-Hausa ce. A shagon tela, a gaban mai tsire, a majalisar masu babur ɗin haya da ake kira bensikin a nan, za ka ga kai uku ko huɗu a kan waya ɗaya, jarumi mai gashin baki yana dukan mutum ashirin yana ba su amsa da bakin Kano. Tun da aka rufe sinimar Wouri a farkon 2009, kallo ya koma gidaje da wayoyi, kuma a wurinmu fassarar da ake yi a Kano, musamman ta Algaita, ita ta gaje filin.

Abin da nake so mu tattauna shi ne wannan: yawancin waɗannan fina-finai daga kudancin Indiya suke, na Tamil da na Telugu, amma mu duk mun haɗa su mun kira su "Indiya". A ganina wannan haɗawar tana sa mu asarar abin da ya fi dacewa da rayuwarmu a cikinsu, musamman na Tamil.

Soyayyar Bahaushe da fim ɗin Indiya tsohuwa ce. 'Yan kasuwar Lebanon ne suka riƙa shigo da su gidajen sinima na Arewa tun wajen shekarun 1950, har iyayenmu suka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bege da mandiri sun ari karin waƙoƙinsu, Kannywood ta ari rawa da waƙa. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan wannan. Sai dai duk waɗancan fina-finan Bombay ne, da harshen Hindi. Na Tamil gidansu daban, a unguwar Kodambakkam ta birnin Chennai, kuma tarihinsu daban.

Tarihin nan na harshe ne da siyasa. A 1952 aka fitar da Parasakthi, fim ɗin farko na Sivaji Ganesan, wanda M. Karunanidhi ya rubuta maganganunsa, ya cika shi da sukar masu cin amanar talaka da sunan addini da asali. A 1965 jihar ta rikice da zanga-zanga saboda yunƙurin mai da Hindi harshen hukuma shi kaɗai, aka rasa rayuka. Bayan shekara biyu jam'iyyar DMK ta ci zaɓe. Karunanidhi ya mulki jihar, jarumi M. G. Ramachandran ya mulke ta daga 1977 har rasuwarsa a 1987, jaruma Jayalalithaa ma ta hau kujerar. Shi kansa Vijay da yaranmu ke ji da shi ya kafa jam'iyya a 2024. Don haka idan jarumin Tamil ya tsaya yana dogon jawabi a kan gonar manomi ko kuɗin asibiti, kamar yadda Vijay ya yi a Kaththi na 2014 da Mersal na 2017, masu kallo a can sun san jawabin ya wuce labarin fim, da su ake magana.

To, ga abin takaici. Mutanen da suka yi faɗa don kada Hindi ya haɗiye harshensu, sau da yawa ta hanyar Hindi fina-finansu ke isowa gare mu. Kamfanonin Mumbai su juya fim zuwa Hindi, su datse waƙoƙi, su sauya masa suna, sannan a ɗauko wannan a juya shi zuwa Hausa. Miyar da aka ɗumama sau biyu ke nan. Duka da barkwanci suna tsira, domin ba su buƙatar bayani. Abin da ke mutuwa a hanya shi ne dalilin dukan.

Ban zo cin mutuncin masu fassara ba. Sun yi abin da ya cancanci yabo: sun sa wa baƙon fim Hausa mai rai, Hausar tasha da kasuwa, da karin magana da habaici da baƙar magana, wadda wani lokaci ta fi wadda ake ji a wasu fina-finanmu na gida armashi. Shi ya sa 'yan Kannywood suka daɗe suna kukan cewa Indiya-Hausa ta cinye musu kasuwa. Inda nake da ja shi ne yadda ake mai da kowane rikici ya zama na mai kuɗi da talaka, ko na ɗan sanda da ɗan daba. A fina-finai irin su Pariyerum Perumal na Mari Selvaraj, na 2018, da Asuran na Vetrimaaran, na 2019, abin da ke hana mutum aure, ko sa takalmi a gaban wasu, ko zama a aji cikin mutunci, shi ne gidan da aka haife shi. Kuma Hausa ba ta rasa kalmar wannan ba. Muna da "asali". Mun san gidajen da ake hana wa mata don kakansu mahauci ne ko maroƙi ko bawa. Mai fassarar da ya yi ƙarfin halin amfani da waɗannan kalmomi zai sa mai kallo ya daina dariya na ɗan lokaci ya dubi kansa.

Fim ɗin da na fi so 'yan New Bell su gani da idon basira shi ne Kaala na Pa. Ranjith, na 2018. Rajinikanth, wanda ya fara rayuwa yana kwandastan bas a Bangalore, ya fito a matsayin jagoran Tamilawan da suka yi ƙaura zuwa Dharavi, unguwar talakawa a tsakiyar Mumbai. Wani ɗan siyasa, wanda Nana Patekar ya taka, kullum cikin fararen kaya, yana so ya share unguwar da sunan tsabta da gina birni na zamani. Wanda ya san tarihin ƙasar da muke takawa zai ji tsikar jikinsa ta tashi. Da hujjar tsabta da kiwon lafiya Jamusawa suka ƙwace filayen mutanen Duwala na bakin kogin Wouri, suka tura su nesa da unguwar Turawa, kuma daga nan New Bell ta samo asali. Sarkin da ya ja da su, Rudolf Duala Manga Bell, rataye shi suka yi ranar 8 ga Agusta 1914. Daga baya unguwar ta zama ta baƙi: Bamileke, Basa, Hausawa da sauransu. Har gobe tambayar da Kaala ya yi ita ce tamu: wanda kakansa ya zo fatauci, aka haifi ubansa a nan, aka haife shi a nan, sai yaushe zai daina zama baƙo? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta shekara ɗari a wuri ɗaya fa?

Haka batun kiɗa. Kunnen iyayenmu ya saba da zaƙin muryar Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Kiɗan Tamil na yanzu ya fi jingina da fata da sanda. Ilaiyaraaja, ɗan ƙauye wanda ya fara da Annakili a 1976 ya kuma yi wa fim sama da 1000 kiɗa, shi ya shigo da amon karkara cikin fim ya haɗa shi da kayan kiɗan Turawa. A. R. Rahman, wanda ya fito da Roja a 1992, ya kai abin duniya har ya karɓi Oscar biyu a 2009. Akwai wata ganga da suke kira parai, wadda a da ƙasƙantattun gidaje kaɗai ke kaɗa ta, galibi a wurin makoki, amma yau daraktoci irin su Ranjith suna sa ta a gaba da alfahari. Mu da muke rawa da kalangu amma muke ƙyamar ba makaɗi 'yarmu, wannan labari ba baƙo ba ne gare mu. Idan aka yanke waƙar, ko aka bar ta babu ko layi ɗaya na bayani, an yanke rabin maganar fim ɗin.

Me ya sa abin ya fi damunmu mu na Duwala fiye da na Kano? Domin yaron Kano yana da Hausa ko'ina ya juya. Namu kuwa Faransanci yake yi a makaranta, Fijin a kasuwa, gaurayen Faransanci da Turanci na samari a titi, Hausa sai a tsakar gida da makarantar allo, ita ma tana gogayya da Fulatanci a wasu gidajen. Ga yara da yawa, awa biyu da rabi na Indiya-Hausa ita ce doguwar Hausa mafi tsawo da za su ji a rana. Fassarar ta zama makaranta ba tare da ta nema ba. In abin da ke cikinta zagi ne da kurari kawai, shi za su ɗauka. In akwai kalmomin gado, da haƙƙi, da filin kaka, da mutunci, su ma za su ɗauka.

Saboda haka roƙona ga masu fassara guda uku ne. Su riƙa faɗa a farkon fim cewa wannan na Tamil ne ko na Telugu, da sunansa na asali da shekararsa. Su bar waƙoƙin da ke ɗauke da labari, su sa musu ma'ana ko a taƙaice. Kuma cikin kowane fim goma na duka, su zaɓo ɗaya irin Jai Bhim ko Karnan, duka na 2021, su ba shi Hausar da ta dace da nauyinsa. Mu kuma marubuta namu aikin shi ne mu riƙa nazarin waɗannan fassarori kamar yadda muke nazarin littafi, tunda su 'ya'yanmu suka fi saurare. Allah Ya sa a ji, a kuma gyara.