Jinjina ga Masu Bin Sawun Ƙwayar Zarra

A cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, masana sun shafe shekaru suna ƙera na'urorin gano sawun ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani. A 1968 Georges Charpak ya ƙirƙiro wata mai jerin siraran wayoyi, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1992. Daga wannan fage Mats Danielsson na ƙasar Suwidin ya ɗauko dabarar ƙirga ƙwayoyin hasken hoton asibiti ɗaya bayan ɗaya. Da ita aka ƙera na'urar hoton nono mai nuna ƙari tun yana ɗan mitsitsi, tare da rage hasken da ke ratsa jikin mace.

Sannunku da aiki, masana! Sankarar nono idan an gano ta da wuri, sau da yawa ana warkewa.

Sai dai matar makiyayi a Azagor, cikin gundumar Dakoro, doguwar tafiya ke gabanta zuwa Maraɗi, ko Yamai, inda aka fara gasa sankara da haske a 2021. Hukumomi, ku kawo na'urar hoton nono kusa da iyayenmu mata. Ku kuma mata, da kun ji ƙullutu a nono, ku garzaya asibiti.