Jiki Magayi a Ma'aunin Ra'in Ɓoyayyen Tunani

Daga cikin hanyoyin tarken adabi akwai wadda ta samo asali daga Sigmund Freud (1856-1939), likitan nan na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya. Ra'insa shi ne, yawancin abin da ke juya ɗan Adam yana ɓoye a inda shi kansa bai sani ba. A 1923 ya kasa zuciya gida uku: son rai mai neman biyan buƙata nan take, da mai tsawatarwa wanda tarbiyya ta dasa, da hankali mai sasanta su. A nan za mu ɗora littafin Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East a kan wannan ma'auni, mu ga inda ya yi daidai da inda ya gaza.

Sunan littafin ma ya yi kama da wannan ra'i. A 1895 Freud da Josef Breuer sun bayyana cewa damuwar da aka danne takan ɓullo a jiki da siffar ciwo. Bahaushe ya daɗe da cewa jiki magayi ne.

Inda ra'in ya fi haskakawa shi ne halin Abubakar. Attajiri Malam Shehu, wanda ya daɗe yana neman haihuwa, ya raba shi da masoyiyarsa Zainab. Abubakar bai da ƙarfin tunkarar mai dukiya, sai ya bi ta kan ɗan da aka haifa, wato Kyauta, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan shi ne abin da masu ra'in ke kira karkatar da fushi: a bar wanda ake tsoro a huce a kan mai rauni. Da wannan muke gane cewa ba soyayya ce ta raba Abubakar da gida ba, wulaƙancin da ya kasa haɗiyewa ne.

Amma akwai tarko. Kyauta ya girma ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Ɗalibi mai gaggawa zai ce ai ga Edifus na wasan Girkawa, wanda Freud ya kafa hujja da shi cewa kowane yaro yana kishi da uba a kan uwa. Mu a ganinmu wannan tilasta wa littafi ne. Babu inda aka nuna Kyauta yana kishin mahaifinsa a kan Zainab. Marubutan sun ajiye sanadin a waje: sammu, da zaluncin mai kuɗi, da alhakin da ke bin mai shi har ɗaki. Tun a 1927 Bronislaw Malinowski, bisa bincikensa a tsibiran Trobriand, ya yi jayayya cewa irin wannan rikici yana sauyawa gwargwadon tsarin iyali na kowace al'umma.

Saboda haka, wannan ra'i fitila ce mai amfani wajen leƙa zuciyar tauraro. Sai dai idan muka mayar da kowane kisan uba labarin Edifus, za mu wanke Malam Shehu daga laifinsa, mu ɗora wa yaron da aka cuta. Wajibin mai tarke shi ne ya fara sauraron abin da littafi ya faɗa, kafin ya tambayi Freud.