Sharhin Fim: 'Those Who Wish Me Dead', Ina Laimar Take?

Mai karatu, in ka sayi wannan fim don ka ga 'yan kwana-kwanan da ke dirowa daga jirgin sama da laima su kashe gobarar daji, to ka rage buri. Darakta Taylor Sheridan ya ɗauko labarin ne daga littafin Michael Koryta na 2014, fim ɗin ya fito a 2021. Angelina Jolie ce Hannah, ma'aikaciyar kashe gobara a jihar Montana ta Amurka, wadda mutuwar wasu yara uku a wuta ta hana ta sukuni, aka tura ta gadi a hasumiyar hangen hayaƙi. Can ta tsinci wani yaro, Connor, da makasa biyu ke farauta. Su ne suka cinna wa dajin wuta don su ɗauke hankalin hukuma.

Nan fim ɗin ya kauce. Wutar ta koma ado, bindiga ta karɓe labarin. Laimar da za ka fi tunawa ita ce wadda Hannah ta buɗe a bayan mota don wasan ganganci!

Alhali aikin kansa ya ishi fim. Ranar 5 ga Agusta, 1949, mutum 15 suka dira a Mann Gulch, a Montanar nan. Iska ta juya, wuta ta biyo su kan tudu. Shugabansu Wagner Dodge ya ƙyasta ashana ya ƙone ciyawar gabansa, ya kwanta cikin tokar, wutar ta wuce shi. Sauran ba su bi shi ba, mutum 13 suka mutu.

Mutumin Haɗeja ba sai an yi masa bayanin dabarar Dodge ba. Duk wanda ya ga busasshiyar kacalla ta kama a fadama lokacin hunturu ya san bokiti ba ya tare ta. Share gefen gona ake yi, ko a ƙone wani tsiri tun kafin ta iso. Irin wannan sanin ne babu a fim ɗin. Ko mu ma a Kano, yaushe rabon da ka ga ɗan kwana-kwana ya zama jarumi?

Wadda ta burge ni dai ita ce Medina Senghore, matar ɗan sanda mai tsohon ciki, da ta hau doki da bindigarta ta bi sawun makasan. Ita kam ta ci kuɗinta.