Ɗan Barewa da Mas'alar Fiɗira: Tarken Littafin Hayyu bin Yaƙzan

Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba littafin Hayyu bin Yaƙzan na Abubakar Ibn Ɗufail, likita kuma masanin falsafa na Andalus wanda ya rasu a Marrakush a 1185, ta fuskar tambaya guda: shin da imaninsa ake haihuwar yaro, ko kuwa koyonsa yake yi? Za a yi ƙoƙarin nuna cewa hujjar littafin ta rataya ne a kan wani abu da marubucin ya hana wa tauraronsa a fili, ya miƙa masa a ɓoye, watau harshe.

Jigo da Warwararsa

Labarin na wani jariri ne da ya tashi shi kaɗai a tsibiri, barewa ta shayar da shi. Da ta mutu sai ya tsaga ƙirjinta yana neman abin da ya hana ta motsi. Ya tarar da wani gurbi a zuciyarta fayau, ya gane cewa abin da yake kira uwa ya bar gangar jikin. Daga nan ya bi ta kan wuta, da dabbobi, da taurari, har ya hakikance cewa kowane fararren abu yana da mai farar da shi, kuma tilas silsilar ta tsaya ga Mahalicci ɗaya. Sai da ya kai wajen shekara 50 sa'an nan ya haɗu da wani mutum, Absal, wanda ya koya masa magana. Da suka gwama abin da kowa ya sani, sai suka ga abin da Hayyu ya gano da hankali ya dace da abin da Absal ya karɓa daga wahayi.

Mafarin wannan jigo shi ne hadisin nan da ya nuna cewa a kan fiɗira ake haihuwar kowane yaro, iyaye ne ke mayar da shi ga addininsu. To amma malamai sun saɓa a kan ma'anar kalmar. Ibn Abdul Barri (ya rasu 1071) ya karkata ga cewa fiɗira lafiyar halitta ce da shirin karɓar gaskiya. Ibn Taimiyya (ya rasu 1328) kuwa yana ganin amincewa da Mahalicci tana dashe cikin zuciya tun asali. Ibn Ɗufail ya ɗauki mas'alar ya mayar da ita ƙagaggen labari, ya cire iyaye don a ga abin da zai rage.

Inda Hujjar Take da Rauni

Ƙarfin littafin yana ga tsarinsa. Marubucin bai yi wa Hayyu tsalle ba. Kowane mataki na tunaninsa daga abin da ido ya gani ko hannu ya taɓa ya taso. Sai dai mai karatu zai lura cewa wannan yaro da bai taɓa jin kalma ɗaya ba yana rarrabe jiki da sura, da sababi da abin da ya haifar, daidai yadda almajiran Arisɗo ke yi. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ga ɗan barewa yana tunani da Larabcin malaman falsafa. Muryar Ibn Ɗufail ce muke ji, an sa mata fatar dabba.

Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Marubutan zamanin Sarki Akbar na Indiya (1556-1605) sun ruwaito cewa ya sa an keɓe jarirai inda ba za su ji magana ba, don a ga harshe da addinin da za su fito da su. Bayan 'yan shekaru aka tarar da su ba sa magana. Haka kuma yaron nan Victor, wanda aka samu a dajin Aveyron ta Faransa a 1800, likita Itard ya yi shekaru yana koyar da shi, amma bai iya zance ba. Keɓewa ba ta fito da fiɗira fili ba, nakasa yaran ta yi.

Binciken Zamani

Masana halayyar yara sun sake ta da mas'alar. Deborah Kelemen ta nuna a 1999 cewa ƙananan yara sun fi son bayanin da ke ba abu manufa, alal misali cewa duwatsu sun yi tsini ne don kada dabbobi su zauna a kansu. Justin Barrett da abokan aikinsa, a 2001, sun nuna wa yara kwalin biskit da aka zuba wa duwatsu. 'Yan shekara 5 suka ce uwa za ta ruɗu da kwalin, amma Allah ba zai ruɗu ba. A kan irin wannan Barrett ya gina littafinsa Born Believers (2012). To, a nan ma raunin ɗaya ne da na Ibn Ɗufail: yaron da aka tambaya game da Allah ya riga ya ji sunan a gida. Abin da binciken ya tabbatar shi ne shiri, watau sauƙin da yaro ke samu wajen ganin manufa da mai aikatawa. Bai tabbatar da cewa yaro zai kai ga wata aƙida takamaimai ba tare da an faɗa masa ba. Paul Harris, cikin littafin da ya fitar a wannan shekara ta 2012, ya nuna yawan dogaron yara ga maganar manya a kan abin da ba sa gani.

Kammalawa

Ibn Ɗufail da kansa ya ankara da matsayin harshe, domin sai da Absal ya koya wa Hayyu magana kafin a san abin da ke zuciyarsa. Darajar littafin tana ga tambayar da ya kafa, ko da amsarsa ta zarce hujjarta. Abin da hujja ta iya kaiwa a yau ya fi kusa da fassarar Ibn Abdul Barri: da ƙasa mai kyau ake haihuwar yaro, iri kuwa ta bakin mutane yake zuwa. Wannan ne nauyin da ke kan uwa da malamin allo, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.